Kunnen Hagun Blandina

Royce Tillery bai taɓa ganin zaki ido da ido ba, ko a gidan namun daji, don warin wurin yana tayar masa da zuciya. Amma duk faɗin ƙauyensu da ke cikin duwatsun Missouri a Amurka babu wanda ya kai shi sanin yadda ya kamata mai bin Almasihu ya tsaya a gaban zaki. Sana'arsa gyaran na'urar ɗumama gidaje. Da rana yana bin gidajen mutane da motarsa, da yamma kuma ya zama malamin tarihi a teburin cin abincinsa, domin shi da matarsa Charlene ba su yarda 'ya'yansu su taka makarantar gwamnati ba. Charlene ke koyar da lissafi da rubutu. Tarihi kuwa, Royce ya ce ba abin da za a bar wa mace ba ne.

'Ya'yansu uku, duk sunayen shahidan ikilisiyar farko ya raɗa musu. Babbar, mai shekara goma sha huɗu, ita ce Blandina, takwarar wata baiwa da Romawa suka jefa wa namun daji. A gida Dina ake ce mata. Yarinya ce marar hayaniya, wadda in ta ji waƙa sau ɗaya a majami'a sai ta dawo ta fitar da ita a kan tsohon fiyanon falo ba tare da kowa ya nuna mata ba. Ubanta bai cika lura da wannan ba, shi hankalinsa yana Roma.

Littafi ne ya jawo komai. Kowace Alhamis iyalan da ke karantar da yara a gida sukan haɗu a zauren majami'a, kowace uwa ta ɗauki darasi guda. Tarihi yana hannun wata dattijuwa, Oleta Pruitt, kuma a wannan shekarar ta zaɓo sabon littafi. Royce ya buɗe babin Kiristocin farko yana cin abinci, bai kai rabin shafi ba ya ajiye cokali. Littafin ya ce tsanantawar ba kullum ake yi ba, takan taso ta lafa. Ya ce kogon ƙarƙashin ƙasa na Roma maƙabarta ce, ba gidan ɓuya ba. Ya ce da yawa sun ji tsoro sun ƙona wa Kaisar, sarkin Roma, turare don su tsira. Abin da ya fi ƙona masa rai kuwa shi ne inda aka ce masu bi sun ja hankalin mutane ne da jinyar marasa lafiya lokacin annoba, suna ba su ruwa da abinci bayan danginsu sun gudu sun bar su.

"Kun ji ko?" in ji shi, yana buga littafin a tebur. "Mutanen da suka shiga bakin zaki suna waƙa, an mayar da su masu dafa miya da wanke zanen gado. Haka ake yi, sai a cire wa yaro ƙashin baya tun yana ƙarami, ranar da Kaisar ya ƙwanƙwasa ƙofa ya fito yana rawar jiki."

Kaisar a bakin Royce yana nufin gwamnati, da likitoci, da duk wanda ya zo ƙofarsa riƙe da takarda. Ya ɗauko reza ya yanke shafukan jinyar annoba ya jefa a shara. Sannan ya sanar cewa a bikin tarihi da ƙungiyar iyalan za ta yi kafin Kirsimeti, gidan Tillery zai nuna wa 'yar'uwa Oleta yadda shahidai suke. Kuma ba kwaikwayo kawai za su yi ba, rayuwar za su yi tun daga yanzu.

Aka share ɗakin ƙarƙashin ƙasa, aka shimfiɗa barguna a kan siminti, aka kashe lantarki aka kunna kyandir. Aka zana kifi, alamar masu bi na farko, da alli a jikin ƙofa. Nan yara za su zauna, su ci burodi da kifin gwangwani, su haddace addu'o'i. Shekara da shekaru Charlene tana roƙon a ja bututun ɗumi zuwa ɗakin nan, mai gyaran ɗumin gidajen mutane yana cewa gobe. Yanzu ya gode wa Allah da bai yi ba, don a kogo ai babu ɗumi.

Shi kuwa Royce, tunda dole wani ya zama gwamnan Romawa, sai ya ɗauki wannan nauyin da kansa. Ya yafa jan zanen gado, ya kifa hular kwanon babur da ya liƙa wa kan tsintsiya, ya zauna a falon sama kusa da ɗumi da talabijin. Ya ce ba don yana so ba, matsayin ne ya zo da gasasshen nama da dankali. A saman matakala ya kafa bagadin Kaisar: wani kofin gasar kamun kifi da ya ci tun yana saurayi, da kyandir, da kwanon garin kirfa a madadin turare. Doka ɗaya ce. Duk wanda ya gaji ya hau, ya barbaɗa kirfa a wuta ya ce Kaisar ne ubangiji, sai ya shiga ɗumi ya ci abin da yake so. Amma ya yi ridda.

Ƙannen Dina biyu ko yini ba su yi ba. Ƙamshin nama ya sauko ta ƙarƙashin ƙofa, suka dubi juna, suka hau a guje suna rige-rigen barbaɗa kirfa. Royce ya yi musu wa'azin da ya kusa sa naman ya huce, suka saurara baki cike. Da ya gama ya leƙa ƙasa ya ga Dina zaune ita kaɗai a cikin bargo, sai fuskarsa ta sake.

"Ga 'yata," ya ce. "Ga wadda ta ci sunanta."

Tunda aka haife ta bai taɓa kallonta haka ba. Daɗi ya kama ta har ta ji kunya. A ranta ta ce ko da sanyin nan zai kashe ta ba za ta hau ba.

Mura ta fara zuwa. Bayan mura kunnenta na hagu ya toshe, sannan ya soma zugi, irin zugin da ke bin bugun zuciya. Ta faɗa wa uwarta, wadda aka ba matsayin gwauruwa mai satar kai wa masu bi abinci. Charlene tana sayar wa matan majami'a ƙananan kwalaben man ganyayyaki, kuma ta yi imani babu ciwon da ya fi ƙarfinsu. Ta ɗiga mata man tafarnuwa, ta gasa albasa ta cusa a safa ta ɗaura mata a kai. Dina ta yini tana wari kamar tukunyar miya, kunne kuwa ko a jikinsa.

Da ta roƙi ƙwayar kashe zafi, uwar ta sunkuyar da kai. Ashe Royce ya kwashe kwalaben magungunan gidan ya jera a kan bagadin Kaisar, kusa da kwanon kirfa. Ya ce a zamanin shahidai sauƙin jiki a hannun Romawa yake, mai so ya zo ya saya da bangaskiyarsa. Charlene ta ce ita ma ba ta ji daɗin abin ba, amma maigida shi ne kan gida, kuma Dina ta san halin babanta in ya kafe. Ta ce ta daure, ai saura kaɗan a yi biki. Ta sumbace ta a goshi, ta ji goshin da zafi, ta ce bargon ne ya yi kauri.

Kullum da yamma Royce yakan sauko da hularsa ya yi mata shari'a. Yakan tsaya a kanta ya tambaya ko za ta ƙona turare, ta girgiza kai, shi kuma ya cire hula ya koma uba, ya zauna ya ba ta labarin takwararta: yadda aka yi mata bulala, aka ɗora ta a kujerar ƙarfe mai wuta, aka jefa ta gaban bijimi, ba ta ce uffan ba sai sunan Almasihu. Yana ba da labarin nan da daɗi, har da sauya murya. In Dina ta dafe kunne ta yi nishi, sai ya ce haka ne, ta riƙe wannan fuskar, ita ake so ranar biki.

Ana cikin haka ciwon haƙori ya kama gwamna. Wani yanki ne ya ɓalle yana tauna gyaɗa. Tun daga ƙasa Dina take jin takunsa, yana kai da kawo yana kiran sunan Charlene. Kafin rana ta yi tsaka an ji tashin mota. Ya dawo da yamma leɓe a sake, kunci cike da auduga, da ledar magani a hannu. Ya bayyana wa iyali, da rabin baki, cewa shi lamarinsa daban ne, shi ke fita nema, in ya kwanta gidan ya kwanta. Kuma likitan haƙori ba ya tambayar mutum ina 'ya'yansa suke karatu. Likitan yara kuwa da ya ji an ce karatun gida sai ya ɗaga waya, kafin a ankara ma'aikatan Kaisar sun zo kwashe yara.

Wata safiya Dina ta farka ta tarar da bargo ya jiƙe da ruwan rawaya gauraye da jini, zafin kuma ya lafa. Gidan ya cika da murna. Charlene ta ce man tafarnuwa ne, Royce ya ce addu'a ce, har suka ɗan yi musu. Ba wanda ya tambayi Dina ko tana ji. Ita ta lura cewa in ta kwanta a kan kunnen dama, takun mutane a sama yakan yi nisa kamar daga gidan maƙwabta. Ta rera wata waƙar Kirsimeti a hankali don ta gwada, muryarta ta dawo mata ta gefe ɗaya. A nan tsoro ya fara shigarta da gaske.

Sauƙin bai daɗe ba. Zafin ya dawo, wannan karon a ƙashin bayan kunne. Wurin ya kumbura ya yi ja har ya turo kunnen gaba. Zazzaɓi ya riƙa kaɗa ta, in ta miƙe ɗakin ya juya, in ta ci burodi ya dawo. Charlene ta sauya mai, ta koma na wata kwalbar da ta fi tsada. Ta kuma gyara mata gashi ya rufe kumburin.

Ana gobe biki Dina ta kasa. Ta rarrafa ta hau matakala tana dafa bango. Ɗumin falo ya daki fuskarta har hawaye suka zubo. Ubanta yana kan doguwar kujera da zanensa ja, faranti a cinya, ana buga ƙwallo a talabijin. Ta tsaya gaban kofin kamun kifi, ta ɗebi kirfa, ta zuba a kan kyandir. Wutar ta yi tartsatsi.

"Kaisar ne ubangiji," ta ce. "Baba, na yi ridda. Don Allah ka kai ni asibiti."

Royce ya dube ta, ya dubi kyandir. Ya rage muryar talabijin.

"Ban gani ba," ya ce.

"Baba, ga shi na zuba."

"Na ce ban gani ba, Dina. Zazzaɓi ne yake magana, ba ke ba. Gobe ne fa. Na riga na gaya wa Fasto, na gaya wa kowa 'yata ba ta taɓa turaren nan ba. Kina so tsohuwar nan ta ce littafinta ya yi gaskiya a cikin gidana?"

"Kunnena ba ya ji."

"Jibi. Na yi miki alkawari, in an gama jibi za mu duba."

Tunda aka kafa Roma ba a taɓa jin gwamnan da mai bi ya zo ya yi masa ridda ya ƙi karɓa ba, sai a falon Royce Tillery. Ya tashi da kansa ya riƙe ta ya sauka da ita ƙasa, ya ja mata bargo, ya ce yana alfahari da ita. Charlene tana bakin ƙofar kicin riƙe da tsumma, duk a kan idonta. Da mijin ya wuce ta ce masa a hankali, "Royce, anya?" Ya ce ta bar masa, ta kuwa bar masa.

Zauren majami'a ya cika ranar biki. Wani iyali sun gina dalar Masar da kwalaye, wasu sun sa 'ya'yansu rigunan mutanen da, ana ta rabon kek da shayin tuffa mai zafi. Da aka zo kan gidan Tillery, Royce ya fito da hularsa ya yi gabatarwa mai tsawo, idonsa a kan Oleta Pruitt da ke zaune a layin gaba. Ya ce akwai littattafan da ke so yara su ɗauka kakanninmu a bangaskiya masu shafa wa majinyata ruwa ne kawai. Ya ce yau za a ga jini da jarumta. Ƙannen Dina biyu, tunda sun riga sun yi ridda, su aka ba matsayin zakuna.

Aka shigo da ita cikin farar riga. Fuskarta ta yi fari fat, leɓe ya bushe, tana tafiya tana tangaɗi. Wata mata ta raɗa wa ta kusa da ita cewa yarinyar nan ta iya. Royce ya daka tsawa ya tambaye ta ko za ta ƙona turare. Yana tsaye ta hagunta, ba ta ji shi ba, sai ta tsaya tana kallon bango. Mutane suka ɗauka taurin zuciyar shahidai ne, wani dattijo ya ce amin. Zakuna suka yi kanta suna gurnani. Ƙaramin ya ɗan taɓa ta kawai, ta zube, kanta ya bugi katako, gashin ya yaye, ruwa da jini suka gangaro wuyan farar riga.

Aka tafa. An daɗe ana tafi, har da masu miƙewa tsaye. Royce ya cire hula ya rusuna, bakinsa har kunne. Wani ya tambaye shi da me suka haɗa jinin.

Oleta ce ta lura shahidiyar ba ta tashi karɓar tafi ba. Ta hau dandamali da sandarta, ta durƙusa da ƙyar, ta ɗora hannu a goshin yarinyar ta janye da sauri. Ta juya ta ce a kira motar asibiti, ta sa aka kawo ruwa da tsumma, ta zauna a ƙasa tana shafa mata a fuska har motar ta iso. Royce yana ta bayani a kanta cewa ɗan ciwon kunne ne, kuma ya ma fashe ya warke tun tuni.

A asibitin birni aka ce ciwon ya ci ƙashin bayan kunne ya shiga ciki. Aka yi mata aiki. Likitar ta gaya wa iyayen cewa da an kawo ta tun farko, ƙwayoyi kaɗan sun isa, da an ƙara jinkiri kuwa ƙwaƙwalwa zai taɓa. Rai dai ya tsira. Kunnen hagu ba zai sake ji ba har abada. Charlene ta yi kuka sosai, tana cewa ita ba ta san abin ya kai haka ba. Royce ya tambayi likitar ko ta tabbata, don shi ya karanta cewa jiki yakan gyara kansa.

Wata ma'aikaciyar kula da yara ta zo gidan, ta duba ɗakin ƙasa, ta yi tambayoyi, ta ce za ta riƙa dawowa. Yara dai ba a kwashe su ba. Amma Royce ya samu abin da ya daɗe yana jira. Ranar Lahadi ya miƙe a majami'a ya ba da shaida cewa Kaisar ya ƙwanƙwasa ƙofarsa, an tsananta masa saboda ya koya wa 'ya'yansa gaskiya, kuma bai ƙona turare ba. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka ce amin. Daga duk abin da ya faru, shi ne ya fito a shahidi, da haƙorinsa sabo.

Dina ta dawo gida da rabin kai a aske. Ta zauna gaban fiyano ta danna, sautin ya zo mata a kwance, ba ta iya gane ta ina yake fitowa. Ta gwada waƙar da ta fi sani, ta kai tsakiya ta rufe murfin. Baƙin cikin da ta ji a lokacin ya fi na ɗakin ƙasa, don wancan tana sa ran zai wuce. Uwarta ta leƙo ta ce ai da sauƙi, Allah ya bar mata ɗaya.

Bayan Kirsimeti aka koma karatu. Royce ya fitar da yaran daga ajin Oleta, ya ce daga yau tarihi a gida kawai. Da yamma aka haɗu a tebur, shi a kai kamar kullum. Dina, wadda a da take zama can ƙarshe kusa da uwarta, ta tsaya ta ƙare wa kujerun kallo. Sannan ta zagayo ta ja wadda ke hannun damansa, daf da shi, ta zauna. A nan kunnenta na hagu ne yake fuskantarsa.

Royce ya ji daɗi har idonsa ya kawo ruwa. Ya dafa kafaɗarta ya ce wa ƙannen su dubi yayarsu, wahala ta matso da ita kusa da ubanta da kuma ilimi. Ya gyara murya ya ce yau za a shiga zamanin tsanantawa mafi girma. Charlene ta dubi kujerar, ta dubi tabon da ke bayan kunnen, ta gane, ta mayar da ido kan farantinta.

"Kina jina sosai daga nan, 'yata?"

Dina ta ga leɓensa ya motsa yana kallonta, ta juyo kaɗan.

"Nan ya fi mini, Baba," ta ce. "Ci gaba."

Ya ci gaba. Ya yi ta ɗaga hannu yana sauya murya, zakuna suna shiga suna fita. Dina ta ja kwanon dankali gabanta ta zuba, ta ci a hankali har ta ƙoshi. Ta kunnen dama tana jin ƙarar cokula, da iska tana kaɗa taga.